Shi Ya Tsara, Ita Ta Rera: Faifan Barbra Da Barry

 A cikin wasiƙu da saƙonnin da kuke aiko mini akwai wata tambaya da ba ta yankewa, wato shin namiji zai iya rubuta abin da ke cikin zuciyar mace kuwa? Wata 'yar uwa ta ce ta karanta littafin wani marubuci, sai ta ga yarinyar cikin labarin tana magana kamar wadda aka ba hadda, kullum kanta a sunkuye, kullum hawaye, ba ta jin yunwa, ba ta fushi, ba ta da wani buri a duniya sai na saurayin. Wata kuma ta juyo kanmu, ta ce mu ma marubuta mata haka muke yi wa maza, duk saurayin da muka ƙirƙiro dogo ne mai saje, ga mota ga kuɗi, ba shi da aikin fari bare na baƙi sai tsara kalamai. To, dukkanku kun faɗi gaskiya, kuma tambayar ta shafe ni kai tsaye a 'yan kwanakin nan, kamar yadda za ku ji nan gaba. Amma amsar da nake da ita a wani faifan waƙoƙin Turawa na samo ta, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba.

Sunan faifan Guilty, wato mai laifi. Ya fito a watan Satumba na 1980 a Amurka. Wadda ta rera waƙoƙin ita ce Barbra Streisand, wanda ya tsara mata su kuwa Barry Gibb. Na san wata za ta ce, me ya haɗa mu da waƙar Turawa? Ku yi haƙuri ku bi ni a sannu. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi tashensu a shekarun 1980 sun sha jin Kenny Rogers da Dolly Parton da Don Williams a gidajen rediyo da shagunan masu kaset, kuma waƙar nan da Kenny da Dolly suka yi tare a 1983, mai suna Islands in the Stream, wannan Barry ɗin ne da ƙannensa biyu suka rubuta ta. Ashe mutumin ya daɗe da shigowa gidajenmu, sunansa ne kawai bai shigo ba.

Ni a wurin ƙanwar mahaifiyata na san faifan. Kaset ne take da shi tun tana budurwa, yana cikin wata tsohuwar jaka tare da hotunan makaranta da katunan biki. Ranar da muke kwashe kaya za ta tashi daga gidan haya na ɗauko shi, na ga hoton mace da namiji cikin fararen kaya sun rungumi juna. Na ce, "Anti, waɗannan mata da miji ne?" Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ko kusa. Abokan aiki ne. Shi yana da matarsa." Daga nan ta goge rikodarta ta saka mana. Turancina na sakandare ne, saboda haka a ji na farko rabin kalmomin sun wuce ni, amma muryar ta tsaya mini a rai, kamar dai yadda muke jin waƙar Indiya mu yi ƙwalla alhali ba mu san ko kalma biyar ta yarensu ba. Yanzu a wayata nake sauraronsa, kuma na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya har na gane su.

Bari in fara gabatar muku da matar. An haifi Barbra a 1942 a unguwar Buruklin ta birnin Niyok. Mahaifinta malamin makaranta ne, ya rasu tana da wata 15 kacal a duniya, saboda haka a maraici da ƙunci ta tashi. Ta gama sakandare a 1959, ba ta wuce jami'a ba, ta faɗa neman aikin wasan kwaikwayo da waƙa. Wannan ya sa nake jin ta kamar 'yar ajinmu, domin ni ma a nan karatuna ya tsaya. An sha ba ta shawara ta je likita ya gyara mata hanci wai ya yi girma, ta ƙi. Sunanta ma ita ta rage masa harafi ɗaya don ya bambanta da na sauran mata. A 1969 ta ci kyautar Oska saboda rawar da ta taka a fim ɗin Funny Girl, a 1977 kuma ta sake cin wata saboda waƙar Evergreen, wadda ita da kanta ta tsara karinta. Ku riƙe wannan da kyau, domin yana nufin ba gajiyayya ba ce da ta rasa abin faɗa. Mace ce mai kai, mai tsayawa a kan ra'ayinta, wadda aka san ta da bin diddigin kowane ƙaramin abu a wurin aiki.

Shi kuma Barry an haife shi a 1946 a wani tsibiri da ake kira Man, tsakanin Ingila da Ailan. Iyayensa sun yi ƙaura da su zuwa Ostireliya a 1958, a can shi da ƙannensa tagwaye, Robin da Maurice, suka yi suna da ƙungiyarsu ta Bee Gees, kafin su dawo Ingila a 1967. Tashensu mafi girma ya zo a 1977 da waƙoƙin fim ɗin Saturday Night Fever, lokacin da kiɗan disko ya cika duniya. To amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A watan Yuli na 1979, a wani filin wasa na birnin Shikago, dubban matasa suka taru aka tarwatsa tulin faya-fayen disko don nuna sun gaji da shi. Daga nan gidajen rediyon Amurka da yawa suka ja baya da waƙoƙin Bee Gees. Mutumin da jiya ake rububinsa, yau an wayi gari ana toshe kunne in an ji muryarsa.

A daidai wannan lokaci ne Barbra ta nemi ya rubuta mata faifai guda sukutum. Ita tana son sabon salo da zai kai ta kunnen matasa, shi kuma yana buƙatar wata murya da za ta ɗauki waƙoƙinsa tunda an gaji da tasa. Hausawa suka ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Barry bai zauna yana kukan an juya masa baya ba, sai ya koma bayan labule ya kama aikin da ya fi iyawa.

Yadda ya yi aikin shi ne abin da ya fi burge ni. Kun san bambancin tela mai ɗinka kayan kasuwa da tela mai zuwa ya auna ki. Na farko ya ɗinka ya rataye, wadda ya yi wa daidai ta saya. Na biyu kuwa sai ya duba kafaɗarki da tsawonki da irin tafiyarki kafin ya sa almakashi. Barry telan awo ne. Ya san muryar Barbra tana farawa a hankali kamar mai raɗa, ta yi ta hawa har ta cika ɗaki, kuma tana iya riƙe sauti guda ta ja shi ba tare da numfashinta ya yanke ba. Saboda haka ya bar mata fili a cikin kowace waƙa inda za ta yi wannan hawan. Ya fara rera waƙoƙin da kansa da siririyar muryar nan tasa mai kama da ta mata, ya ɗauka a matsayin samfur, ya ba ta ta saurara. Waɗannan samfura an fitar da su a 2006, duk mai so zai iya ji ya kwatanta. Wallahi in kin ji nasa sannan kika ji nata, za ki ga kalmomi ɗaya ne, kari ɗaya ne, amma kamar ɗanyen yadi ne da ɗinkakkiyar riga a jikin mai ita. Abin mamaki kuma, dukansu biyu ba su iya karanta rubutun kiɗa irin na makaranta ba, da kunne da zuciya suke aiki.

Waƙoƙi 9 ne a faifan, kuma babu wadda hannun Barry bai shiga ba. Wasu shi da Robin suka rubuta, wasu shi da abokin aikinsa Albhy Galuten, ɗaya su uku 'yan uwan, ɗaya kuma shi kaɗai. Kiɗan mai taushi ne, fiyano da jita da gogen Turawa da ganga mai tafiya a hankali, irin wanda za ki saka kina ninke kaya ko kina jiran tuwo ya turara, ba ya hana ki tunani.

Waƙar farko ita ce mai sunan faifan, kuma su biyun suka yi ta, ita ta fara shi ya karɓa. Sunanta mai laifi, amma abin da take cewa shi ne masoya biyu da suka riƙe juna da gaskiya ba su da abin jin kunya. Tafiyarta sassauƙa ce, kamar mutum biyu suna taku tare da yamma babu mai sauri. Ita ce ta ci musu kyautar Grammy a 1981, a rukunin waƙar haɗin gwiwa.

Ta biyu ita ce wadda duniya ta fi sani, Woman in Love, wato mace a cikin so. Da wata jita mai sautin kewa take buɗewa, sai Barbra ta shigo ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kanta cikin dare. Kafin ki ankara ta ɗaga, amshin ya buɗe kamar an yaye labule. Can wajen ƙarshe akwai inda take riƙe sauti guda ta ja shi, ta ja shi, a daidai nan kiɗan ya ƙara hawa mataki ɗaya. Duk ranar da na zo wurin nan sai tsigar jikina ta tashi. Waƙar ta yi mako 3 tana kan gaba a jerin waƙoƙin Amurka, ta kuma zama ta ɗaya a Ingila da ƙasashe da dama. Faifan kansa ya hau matsayi na ɗaya a ƙasashen biyu, kuma a duk faya-fayen Barbra babu wanda ya kai shi kasuwa a faɗin duniya.

To a nan ne zancen yake, 'yan uwa. Maza biyu ne, Barry da Robin, suka zauna suka rubuta yadda mace take ji in so ya kama ta. Macen da suka zana mai miƙa komai ce, wadda babu abin da ba za ta yi ba don ta samu wanda take so ta riƙe shi. Miliyoyin mata suka ji suka ce wannan ni ce. Amma ita wadda ta rera ta fito fili ta ce ba ta gamsu da ma'anar kalmomin ba, kuma ba kasafai take rera waƙar a gaban jama'a ba. Ku duba fa. Waƙar da ta fi kawo mata kasuwa, ita ce wadda zuciyarta ba ta kwanta da ita ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina, ga kuma abin da na gani. Barry ya auna muryarta daidai, babu inda rigar ta matse ko ta yi yawa. Abin da ya zana a kalmomin kuwa, macen da maza suke mafarki ce, wadda so ya cinye ta ba ta da sauran kanta. Barbra kuma mace ce da ta yi aure a 1963 ya mutu a 1971, tana da ɗa guda, tana tafiyar da harkokinta da kanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta san so yana da daɗi, ta kuma san akwai iyakar da mace ba ta ƙetarewa in tana son ta tsira da mutuncinta. Amma ku saurari yadda ta rera. In da wata mai raunin murya aka ba waƙar, da roƙo za ki ji, irin na wadda ke durƙushe a ƙofar ɗakin miji. A bakin Barbra kuwa waƙar ta zama ta mace mai tsaye da ƙafafunta, mai cewa ni na zaɓa, kuma ba na neman iznin kowa a kan abin da zuciyata ta zaɓa. Shi ya ba da kalmomi, ita ta ba su kashin baya. Matan da suka ce wannan ni ce, ina ganin wannan ƙarfin suka ji, ko da ba su lura ba.

Ni kam waƙar da ta fi kwanta mini ita ce ta shida, What Kind of Fool, wato wane irin wawa ne. Ita ma su biyu suka yi. Da fiyano kaɗai take farawa, muryoyin biyu a haɗe ƙasa-ƙasa kamar masu tsoron kada yara su farka. Labarin mutum biyu ne da suka ɓata abin da suka gina, kowa yana tambayar wa ya jawo. Abin da ya sa nake son ta shi ne ba a ɗora wa ɗaya laifin an wanke ɗaya ba. Shi ya faɗi ciwonsa, ita ta faɗi nata, suna katse juna, suna haɗuwa, suna rabuwa. Duk wadda ta taɓa zama a zauren sulhu, ta ga mata da miji kowa ya kawar da kai alhali idanunsu sun ciko, ta san wannan waƙar ko ba ta jin Turanci. A littattafanmu na soyayya mun saba sai an samu mugu guda, ko kishiya, ko uwar miji, ko Alhaji mai kuɗi. Amma aure da yawa da na gani sun mutu babu mugu a ciki, girman kai ne da shiru da jiran wani ya fara ba da haƙuri. Wannan waƙar ta isa ta zama littafi guda.

Sauran waƙoƙin ma ba baya ba. Promises ita ce mai ɗan motsa ƙafa, The Love Inside kuwa, wadda Barry ya rubuta shi kaɗai, a natse take daga farko har ƙarshe. Ta rufewa, Make It Like a Memory, ta haura minti 7, waƙar rabuwa ce, kuma bayan Barbra ta gama faɗin abin da za ta faɗa sai ta yi shiru ta bar makaɗa su ƙarasa. Na ɗauki darasi a nan. Wani lokaci in jaruma ta faɗi maganarta ta ƙarshe, gara marubuciya ta ajiye biro, kada ta ƙara shafi goma na bayani.

A wurinmu an fi sabawa mawaƙi shi ne mai maganarsa. Alhaji Mamman Shata a take yake ƙirƙirar waƙa, 'yan amshi su karɓa. Hajiya Barmani Choge da ƙwaryarta abin da ke ranta da ran matan cikin gida take faɗa, babu wanda ya rubuta mata. Amma raba aiki tsakanin mai tsarawa da mai rerawa ba baƙo ba ne gare mu. Waƙoƙin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi na Zariya a bakin wasu masu rerawa suka zaga ƙasar Hausa. A finafinan Indiya da muka tashi da su kuwa, muryar Lata Mangeshkar muke ji, kalmomin na wani marubuci ne, fuskar da muke gani kuma ta wata jaruma ce daban. Mutum uku a kan waƙa ɗaya, amma zuciya guda muke ji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu ga abin da ya sa na ce maganar ta shafe ni. Watanni kaɗan da suka wuce wani marubuci da ya girme ni a shekaru da kuma harkar, wanda littattafansa suka fi nawa shiga kasuwa, ya aiko ta hannun yayana yana neman mu rubuta littafi tare. Labarin mata da miji ne da aurensu ke tangal-tangal. Ya ce shi zai tsara labarin duka, ni kuma in bi in gyara maganganun matar su yi kama da na mata. A gaskiya dama ce babba ga irina, domin sunansa kaɗai zai kai ni inda ban taɓa zuwa ba. Amma da na karanta tsarin da ya aiko, sai na tarar matar tun daga babi na farko har na ƙarshe haƙuri take bayarwa. An yi mata kishiya ba a gaya mata ba, ta ba da haƙuri. An hana ta zuwa jinyar mahaifiyarta, ta ba da haƙuri. A ƙarshe mijin ya gane kurensa, ba don wani abu da ta faɗa ko ta yi ba, sai don ya yi hatsarin mota. Aikina kawai in sa wa wannan haƙurin turare.

Ga kuma magana ta biyu, wadda kowace mace mai sana'a a garin nan ta sani. Ranar da aka ga sunana da nasa a bango ɗaya, an gama ɗaura mana aure a bakin mutane. Umma ta kira ni ta ce, "Ke yarinya ce, ba ki yi aure ba, bakin duniya ba ya da linzami." Ban ga laifinta ba, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Da na kai wa Anti zancen, sai ta ce, "Ki tuna ke da bakinki kika tambaye ni ko waɗancan mata da miji ne. Haka mutane suke, abin da ido ya gani suke fassarawa. Ke dai ki tsare mutuncinki, ki kuma tsare alƙalaminki." Kuma gaskiyarta. Barry ya auri matarsa Linda a 1970, shekara 10 kafin faifan, sun haifi 'ya'ya 5, kuma aikin da ya yi da Barbra bai taɓa gidansa ba. Ba ina cewa mu ɗauki al'adarsu ta rungume-rungume a hoto ba ne, wannan nasu ne, mu muna da tamu kunyar. Abin ɗauka shi ne mace da namiji za su iya haɗa basira a kan aiki guda, kowa ya koma gidansa da girmansa.

Saboda haka na ba shi amsa a gaban yayana. Na ce, "Malam, na gode da wannan karamci, kuma ina so mu yi aikin. Amma sharaɗina biyu ne. Na farko, babin miji naka ne, babin mata nawa ne, tun daga abin da za ta faɗa har abin da za ta aikata, ba gyaran baki kaɗai ba. Na biyu, duk zaman da za mu yi a gidanmu za a yi shi, yaya yana nan." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, in matar ta fara mayar da magana ai masu karatu maza za su gudu." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba rashin kunya zan sa ta yi ba. So nake in an zalunce ta a ji a bakinta cewa an zalunce ta, in ita ma ta yi kuskure ta amsa nata. Masu sayen littattafanmu kuwa, yawancinsu mata ne." Ya ce zai yi shawara. Har yanzu da nake wannan rubutu bai dawo da amsa ba, kuma mai yiwuwa damar ta wuce ni ke nan. Na san abin da zan rasa, raina kuma bai ɓaci ba. Barbra ta rera waƙa ɗaya da ba ta gamsu da ita ba a cikin tara, kuma tana da muryar da za ta juya ma'anarta. Ni ba ni da murya, biro kawai gare ni, in na sa hannu a kan matar da ban yarda da ita ba, haka za ta zauna a takarda, ƙannenmu su karanta su ɗauka haka ake zaman aure.

To, ga amsata ga mai tambaya. Namiji zai iya rubuta zuciyar mace gwargwadon yadda ya saurari mata, mace ma haka game da maza. Inda sauraronsa ya ƙare, daga nan mafarkinsa yake farawa, kuma a nan ne yake buƙatar mace ta karɓi zancen. Faifan nan ya yi kyau ne domin mai tsarawa ya yi aikinsa yana kallon mai rerawa, ita kuma ba ta shigo a matsayin 'yar amshi ba.

Zumuncin nasu bai yanke ba. A 1986, lokacin da Barbra ta shirya wani taron waƙa a gidanta na Malibu, Barry ya zo sun rera waƙoƙinsu biyu na haɗin gwiwa. A 2005, shekara 25 cif bayan na farko, suka sake fitar da wani faifan mai suna Guilty Pleasures. Shi kuma bayan nasarar 1980 sai manyan mawaƙa suka yi ta nemansa, ya yi wa Dionne Warwick faifai a 1982, Kenny Rogers a 1983, Diana Ross a 1985. Rayuwa ba ta bar shi haka ba, ƙaramin ƙaninsu Andy ya rasu a 1988 yana da shekara 30, Maurice a 2003, Robin a 2012. Barbra kuwa ta sake aure a 1998, ta kuma fitar da littafin tarihin rayuwarta a 2023.

Shawarata ga ma'aurata masu karanta wannan fili, ku samu wani dare bayan yara sun yi barci ku saurari waƙar nan ta shida tare. In Turancin ya gagara ba komai, ku lura kawai da yadda ɗaya yake yin shiru in ɗaya ya ɗauka, da yadda ba wanda ya danne wani ko da sun ɗaga murya. Maigida, in ka saba kai ne mai tsara komai a gidan, ka tuna mai ɗakinka tana da nata abin faɗa, kuma wataƙila shi ne zai gyara naka. Uwargida, in an ba ki fili ki faɗa da ladabi, amma ki faɗa. 'Yan uwana marubuta mata kuma, ina son jin ta bakinku, musamman waɗanda suka taɓa haɗa littafi da wani, ku rubuto ku gaya mini yadda kuka raba aikin da yadda kuka ƙare.